Daren Laraba a Gidan Gwaggo Cima

Daren Laraba, in an sallame isha'i,
sai mu fito da tele tsakar gida,
mu ɗora ta kan turmin da aka kife,
waya ta biyo taga kamar igiyar shanya.
Yaran Garin Malam sun cika har zaure,
mai ga-ruwa ma ya jingine kurarsa,
don yau likitocin sa-kai za su tsallaka gada
ana yi musu ruwan wuta.

Kowa da gwaninsa.
Barira na son dogon nan mai tabo a gira,
mai ɗinke ciki da fitila a baki.
Ni direban motar nake so,
tun da aka fara bai ce uffan ba.

Gwaggo Cima ba ta da gwani.
Tana gefen tabarma tana ɓarar gujiya,
ta ɗaga ido sau ɗaya, ta ce,
“Wannan ɗaurin ba ya tsai da jini.
Sama da gwiwa ake ɗaurewa,
a murɗa da kara har mutum ya zage ka.”
Muka kwashe da dariya. Ban da ita.

Shekara biyu ta yi a gabas, bakin Komadugu.
Ba wanda ya aike ta.
Ta kulle ɗaki, ta bar wa maƙwabciya akuya,
ta hau mota da jaka ɗaya.
Ta dawo da jakar, da tari,
da zabura in iska ta bugo ƙyaure.
Labari kuwa ko na dala ba ta ba mu ba.

Da aka tafi tallar sabulu na ce,
Gwaggo, haka abin yake?
Ta ce, “Ina ƙudajen?
Dubi riguna fes kamar safiyar idi.
Safar hannu ba ta ƙare musu.
Mu wankewa muke, mu shanya a kan ƙaya.
Kuma wa ke yi musu goge in mutum zai cika?
Mu dai ba mu ji kiɗa ba.
Sai wata uwa da ke kiran suna ɗaya
tun la'asar har muryar ta dushe.”

Aka dawo. Ga yaro an ɗauko a kan ƙofa,
dogon ya durƙusa, ya miƙa hannu,
sai kuran ya tafi.

Tsaki ya tashi daga zaure har madafa.
Taurari suka sauko kan duwatsun Birni.
Can cikin duhu, inda ba mai ganin fuskarta,
muka ji ta a hankali:

“Kiyari sunansa, shi ke tuƙa mu.
Da yatsa biyu na danne masa jijiya a wuya,
tun faɗuwar wata har kiran assalatu.
Hannuna ya mutu, ban ɗaga ba.
Bai yi maganar da ake rubutawa ba.
Cewa ya yi in gaya wa matarsa
kuɗin barkono na ƙasan tukunyar gero,
kada ta bari wansa ya sani.
Na gaya mata.”

Wani yaro ya ce, to ya tashi?

Kuran ya dawo.
Sunaye na hawa kan gilashi,
yaron tele na murmushi da farin ƙyalle a goshi,
zaure ya ɗauki tafi.
Gwaggo na duban yatsunta biyu
kamar baƙin da suka kwana gidanta ba sallama.

Ta kaɗe ɓawon gujiya daga zane,
ta naɗe tabarma, ta kai bakin ƙofa,
sannan ta waiwayo ta ce da ni,
“Wancan direban naka, yana da mata?
Laraba mai zuwa ka tashe ni in na yi barci.
Ina so in ga ko zai isa gida.”